Idon Inna da Hujjojin Malam Ukasha

In ka sauka a Burumburum ka ce kana neman gidan Malam Ukasha, za a tsaya ana tambayarka wane Ukashan. Amma ka ce Malam Ina-Hujja, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka ƙofar, ga ta can kusa da injin niƙa, da darbejiya a gabanta. Sunan bai dame shi ba. Shi da bakinsa yake cewa ya fi takardar sallamar da gwamnati ta ba shi dacewa da shi.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi da kimiyya a firamare. Ya fara a Kiru, aka mayar da shi Bebeji, daga can ya yi ta roƙo har aka dawo da shi gida. Duk inda ya zauna, kalma ɗaya ya bari a baya. Ka ce masa bana za a yi ruwa da yawa, ya ce ina hujja. Ka ce masa tsamiyar bayan gari akwai mutanen ɓoye a kanta, ya ce ina hujja. Wata safiya matarsa Mubaraka ta ce, "Malam, jikina yana ba ni yau za mu yi baƙi, bari in ƙara awo." Ya ce jiki ba ya magana, kada ta yi ɓarna. Kafin azahar mutum bakwai suka sauka daga Doguwa. Ya ce dacewa ce kawai, amma ranar shi ya ci ƙanzo.

Abin da ba ya so a tayar a gabansa shi ne maganar jini. Malamin kimiyya guda, wanda ya zana zuciyar ɗan Adam a allo da jan alli sau ba adadi, bai taɓa yanka ko kaza ba. Ran layya Sale mahauci yake kira, kuma yana da hujja: Sale ya fi shi iya wuƙa, dabba ba za ta wahala ba. Da an kayar da ragon sai ya tuna akwai wanda bai yi wa barka da sallah ba a can ƙarshen gari. Yanzu shi yake ba da wannan labarin a majalisa, yana dariya har da riƙe ciki. A da kuwa wa ya isa.

Shi ne ɗan farin Inna Hasiya. Ita Inna jinin Fulani ce ta wajen uwa, a ruga ta tashi, ta kuma ɗauko fulako, kunyar nan ta Fulani, ta kawo gidan miji kamar kayan ɗaki. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi fuskarsa ba. Yana ƙarami "wancan" ne. Da ya kama aiki sai ya samu ƙarin girma, ya zama "mai allin nan". In ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta juya wajen randa ta amsa, kamar randar ce ta yi gaisuwar. In tana da saƙo gare shi, yana zaune a gabanta za ta ce wa Mubaraka, "Ki ce wa mai allin nan katangar baya ta tsage." Shi kuma ya amsa wa Mubaraka cewa ya ji. Wannan ne abu ɗaya tilo a duniya da Malam Ukasha bai taɓa neman hujjarsa ba. Haka ya tarar, haka ya bi.

Da Inna ta doshi tamanin, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ɓoye abin iya ɓoyewa. Ta san gidan kamar tafin hannunta, tana tsinkar zogale da lalube, ba mai ganewa. Asirin ya tonu ranar da ta fito daga ɗaki ta tsaya gaban turmi, wanda aka shanya wa zani a kai, ta ce, "Maraba, sannu da zuwa, ya hanya?" Da ta ji shiru ta ce baƙin yanzu ba su da tarbiyya. Mubaraka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta shige ɗaki ta yi kuka.

Cikin kaka, ana tsaka da casar masara, aka yi shela a masallacin Juma'a cewa likitocin ido za su zo Tudun Wada, dubawa da aiki duk kyauta. Malam Ukasha ya sa Mubaraka ta faɗa wa Inna za a je a duba ta. Likita ya haska idon ya ce yanar ta nuna, aiki za a yi. Aka gwada hawan jini da sukari, aka samu lafiya lau, aka rubuta mata ranar Alhamis ta sama. In ta wuce ranar, sai baɗi, in ma sun dawo.

Sai da aka gama duk wannan ya kira ƙanwarsa Lubabatu a waya, kuma nan ya taro wa kansa. Lubabatu ita ce autar Inna, tana aure a Riruwai, tana suyar waina a bakin kasuwa. Shekara goma sha tara ke tsakaninsu. Ita Inna ke kira da suna, ita take zagi, ita ta yi wa kitso har ta girma. Washegari da hantsi ta sauka daga mota idonta jajir, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce, "Yaya, da gaske wuƙa za a sa wa Inna a ido?"

"Zauna ki sha ruwa tukuna. Ba irin wuƙar Sale ba ce."

"To irin ta wa ce? Yanka dai ai yanka ne."

Malam Ukasha ya ji daɗi, don ya daɗe bai samu aji ba. Ya ɗauko gawayi a murhu, ya tsaya jikin katangar tsakar gida ya yi zane.

"Kin ga wannan? Ido ne."

"Wannan ai tarwaɗa ce, Yaya."

"Ido ne, na ce. A cikinsa akwai wani ɗan abu kamar gilashin tabarau. Na Inna ya yi duhu. Za a cire shi a sa mata sabo. Hujja ta ɗaya ke nan." Ya rubuta. "Ta biyu, ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa. Ta uku, kafin ki soya tanda biyu an gama. Ta huɗu, likitan ya ce cikin mutum ɗari da ake yi wa, fiye da casa'in suna gani."

"Sauran fa?" in ji Lubabatu. "Su ba su da 'ya'ya?"

Ya ce wannan ba tambaya ba ce, kuka ne aka sa masa riga. Ita kuma ta ce tsohuwa mai wannan shekarun me ya rage mata da ba ta gani ba? A bar ta ta ƙarasa da idonta yadda Allah ya halitta. Za ta ɗauke ta su tafi Riruwai, ita za ta zama idonta.

"Ke da kike wuni a gaban tanda, hayaƙi ya kusa cinye naki idon?"

Haka suka kwana uku. Yana ƙara hujja a katanga, tana ƙara jiƙa gefen mayafi. Rana ta uku da la'asar, da ya rubuta ta tara, Lubabatu ta share fuska ta ce a hankali, "Yaya, kai ne fa ka sa hannu a na Baba."

Shekara goma sha biyu ke nan da ciwon ciki ya kama mahaifinsu. Aka yi ta ba shi jiƙo har kwana biyar kafin a kai shi Kano. Likitoci suka ce hanji ne ya toshe, an makara ƙwarai, amma za su gwada. Malam Ukasha ya sa hannu a takarda, aka shiga da Baba, bai farfaɗo ba. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen a gidan.

"Kwana ne ya ƙare," in ji shi. "In ma akwai laifi, na jinkirinmu ne, ba na sa hannu ba." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba, har ya yaba wa kansa a zuci. Sannan ya jefar da gawayin ya ce, "Ni ne babba. Alhamis za mu tafi."

Yakan ce hujja tara ya jera a katanga, amma wadda ta yi aiki ita ce ta goma da bai rubuta ba: na riga ki zuwa duniya.

Duk kwana ukun nan kuwa Inna tana zaune a kan tabarma, taku biyar daga katangar, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ba wanda ya tambaye ta. Shi ba shi da bakin yi mata magana kai tsaye, ya kuma ɗauka ai abu a fili yake. Lubabatu ta ɗauka ta san zuciyar uwarta fiye da uwar. Ita kuma Inna, maganar da mai allin nan ya sa baki a ciki, ina za ta tsoma nata?

Ran Alhamis suka isa asibiti da sassafe. Tsofaffi sun cika benci, maza gefe, mata gefe, kowa an manna masa ɗan filasta a goshi, saman idon da za a yi wa aiki. Lubabatu ta zauna da Inna tana kumbure-kumbure. Malam Ukasha ya tafi teburin takardu yana baza babbar riga. Nas ɗin da ke zaune a wurin ta ɗago, ta miƙe tsaye da sauri.

"Malam! Ina kwana? Ba ka gane ni ba? Zubaida ce, aji huɗu, Bebeji."

Ya gane ta, ya ji kansa ya ƙara girma. Ta ba shi takarda da biro, ta nuna masa wani layi a ƙasa, aka kira ta ta tafi.

Ya ɗora biro a kan layin. Biro ya ƙi tafiya. Layin nan dai shi ne, ɗigo-ɗigo, irin na takardar Baba sak. Warin maganin da ake goge ƙasa da shi ma shi ne. Ana haka ƙofar ɗakin aiki ta buɗe, aka fito da wani dattijo an rufe masa ido ɗaya da auduga, da ɗan jan abu a gefe wanda bai kai ƙwayar gero ba. Malam Ukasha ya kawar da kai, ya janye biron daga kan takardar.

To, mutum irinsa ba ya cewa tsoro yake ji. Hujja yake nema. Da ya nema kuwa sai ga su suna fitowa kamar tururuwa ta ga sukari. Ya naɗe takardar, ya taka har bencin mata, ya yi gyaran murya.

"Lubabatu, na sake nazari. Ina ganin a bari sai baɗi."

Ta dube shi baki buɗe.

"Na ɗaya," ya tanƙwasa yatsa, "lokacin casa ne, ƙaiƙayi ya cika gari, zai iya faɗa mata a ido. Na biyu, in aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki fa? Na uku, likitan nan ya yi yaro da yawa, ko gemu bai tsayar ba."

Abin da bai sani ba shi ne, tun da ya tafi Lubabatu take hira da maƙwabciyarta a benci, wata tsohuwa daga Doguwa da aka yi wa idon dama bara, ta dawo a yi mata na hagu. Tsohuwar ta hango mayafin Lubabatu ya yage a gefe, ta kwance bakin zaninta ta ciro allura, ta zura zare da kanta, sau ɗaya tak, ta kama ɗinki. Ita Lubabatu sai ta yi sau uku kafin zare ya shiga mata.

Lubabatu ta gyara zama, ta ce da ƙarfi yadda duk bencin zai ji, "Yaya, ina hujja?"

"Ke!"

"A'a, tambaya na yi. Ƙaiƙayi dai, ɗaki za ta zauna, ba masussuka za mu kai ta ba. Wuta kuma, ba ka jin janareta tun zuwanmu yake ƙara? Likitan da ka ce ba shi da gemu, shi ya yi wa wannan baiwar Allah. Ga ɗinkinta, duba."

"Mutum ɗaya ba hujja ba ne."

"Ai kai ka ce fiye da casa'in cikin ɗari. Yana nan a katanga, ƙarƙashin tarwaɗa."

"Sauran fa?" Ya ji bakinsa ya faɗa kafin ya tare shi. "Su ba su da 'ya'ya?"

Sai da maganar ta fita ya gane ta wa ce. Tsohuwar Doguwa ta sa hannu ta rufe baki. Lubabatu ba ta yi dariya ba. Ta dubi takardar da ya kasa sa wa hannu, ta sauke murya ta ce, "Haba Yaya."

Daidai nan Zubaida ta dawo. Ta karɓi takardar ta ga ba a rubuta komai ba, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Malam, ai layin da na nuna maka na shaida ne. Na sama na mai ido ne. Ita me ta ce?"

Malam Ukasha ya dubi Lubabatu, Lubabatu ta dubi ƙasa. Zubaida ta tsuguna a gaban Inna, ta gaishe ta, ta yi mata bayanin aikin tun daga farko, har da cewa akwai 'yan kaɗan da ba sa dacewa. Sannan ta ce, "To Inna, idonki ne. A yi, ko a bari?"

Inna ta juya fuska wajen da take jin numfashin autarta.

"Auta, ki ce wa mai allin nan ya bar wahalar da kansa. Na Babanku kwana ne, ni ban taɓa ɗora wa kowa ba." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Ki kuma ce masa, shekara sittin ba ɗaya ina kawar da kai. Ina cewa bari in tsufa, kunya ta sake ni, in dube shi da kyau ko sau ɗaya. To tsufan ya zo, ido ya tafi. Na san muryarsa, na san tarinsa. Amma in aka ce in faɗi kamanninsa, sai dai in faɗi ƙeyarsa, don ita nake kallo in ya juya zai fita. Yarinya, kawo tawadar."

Ta dangwala babban yatsa a layin sama, ɓaro-ɓaro. Zubaida ta miƙa wa Malam Ukasha biro. Lubabatu ta danne masa takardar a kan benci, ya sa hannu a layin ƙasa. Zubaida ta duba, ta ce, "Malam, da ni na yi wannan rubutun a aji huɗu, da na sha bulala." Ya ce biron ne ba shi da kyau. Ba wanda ya nemi hujja.

Da aka shiga da Inna ya ce zai je ya duba ko janaretan yana da isasshen mai. A can Lubabatu ta same shi bayan an fito, zaune a kan dutse yana ta salati, hayaƙi ya ɓata masa riga. Ta ce an gama, Inna har ta nemi goro.

Washegari da safe aka jera su za a cire auduga. Malam Ukasha ya tsaya daga bakin ƙofa, ya sa hular da yake zuwa Juma'a da ita. Zubaida ta ɓare filastan a hankali, ta goge idon. Inna ta yi ta ƙifta shi, ruwa yana zuba. Ta fara duban hannunta, ta juya shi gaba da baya. Ta dubi Lubabatu ta ce, "Auta, wannan mayafin ai ya koɗe, mijin naki ba ya gani?" Lubabatu ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Sannan Inna ta juya wajen ƙofa. Malam Ukasha ya ji idon a kansa, sai ga shi shi ne ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ki ce masa ya ɗago," in ji Inna.

Ya ɗago. Ta dube shi tun daga hula har gemu, ta sake dawowa sama, ba gaggawa. Yakan ce duk sufetocin makaranta da suka taɓa tsayawa a kansa, ba wanda ya sa shi ya rasa inda zai ajiye hannuwansa kamar ranar.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Auta, wannan tsohon shi ne? Ashe hancin Babanku shi ya kwashe duka, bai rage wa kowa ba."

Ta ja mayafi ta juyar da kai wajen bango, kafaɗarta tana ɗan motsi. Lubabatu ta ce dariya take yi, Mubaraka da aka ba ta labari ta ce kuka ne. Shi bai shiga wannan gardamar ba.

Hujjojin nan tara sun zauna a katanga har damina ta wanke su, ya hana a goge. Da likitocin suka dawo aka yi wa Inna ɗaya idon, ita ta tuna musu ranar. Yanzu tana tsintar tsakuwa a shinkafa, tana kama Mubaraka in ta bar datti a gindin randa. Gaisuwar safe dai har yau randar take amsa wa, sai dai in ya miƙe zai fita ba ta jira ya juya baya. Sunansa kuwa ba ta kira ba, ba kuma za ta kira ba. An dai sake yi masa ƙarin girma: daga mai allin nan ya koma mai hancin nan. In ya kawo nan a labarin sai ya shafa hancin, ya ce wa 'yan majalisa duk sunayen da aka laƙaba masa a duniya, wannan ne dai ba ya iya musawa, ga hujjar a tsakiyar fuskarsa.